Sifana a Bakin Baba Audi

Duk direban akori-kura da ke bin hanyar Dutsin-Ma zuwa Kurfi ya san Baba Audi, ko da bai taɓa kai masa mota ba. Garejinsa ba shi da allo, garejin ma inuwar dalbejiya ce da wata rumfar kwano da ta karkace tun wata iska da aka yi, ba a kuma sake miƙe ta ba. Amma in motarka ta fara kuka daga baya, ka rasa ko taya ce ko aksul, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya, duk wanda ka tambaya a tasha zai ce maka ka kai ta wurin Baba Audi ya kwanta mata.

Kwanciyar nan kuwa ita ce aikin nasa. Sauran makanikai jak suke fara jawowa. Shi sai ya cire hula ya cusa a aljihu, ya hau bayan motar, ya miƙe a kan ƙarfen bodi daidai saman aksul, ya manna kunne, ya ce a tafi. Hanyar Kurfi ake bi, don tana da miƙaƙƙen wuri inda za a sake wa mota, ga kuma wasu lanƙwasa a jere, ta hagu da ta dama. Da wani ɗan sifana da ba ya rabuwa da shi yake magana da direba. In ya buga bodi sau ɗaya a taka totur, in ya buga sau biyu a ɗaga ƙafa, in kuwa ya yi ta bugawa ba ƙaƙƙautawa sai a tsaya. Kafin a juyo gari ya gama sanin ciwon.

A wurinsa aksul ba ya ɓoye abin da ke damunsa, sai dai in ba a iya saurare ba. Siririn kuka irin na sauro, wanda ke tashi in an taka totur ya mutu da an saki, wannan haƙoran cikin tulun tsakiya ne suka fara cin juna, ko mai ya ƙare musu. Gurnanin da ba ruwansa da totur kuwa, wanda ke ƙaruwa in an karya kwana, na boris ne, zoben ƙarfen nan mai 'yan ƙwallaye da ke bakin taya, kuma gefen da nauyin mota ya danne shi ne mai ciwon. Akwai kuma direbobin da ke zuwa hankali a tashe suna cewa aksul ya gama, sai ya sa su sauka daga kwalta zuwa burji, kukan ya canja murya, ya ce su je su sayi taya su bar bawan Allah ya huta. Ƙa'idarsa guda ce, ba ya kwance aksul sai ya ji da kunnensa. Masu kwance komai su zube a ƙasa sannan su fara tunani, yana ganinsu a matsayin mahauta, kuma ba ya ɓoye musu.

Ɗan Shema ne. Ubansa ya so ya riƙe fartanya, shi kuwa tun yana ƙarami in ya ji ƙarar mota a hanya sai ya yar da ita ya bi da gudu. Da aka gaji da dukansa aka kawo shi Dutsin-Ma wurin wani makanike mai suna Ɗanmusa, mutum mai zafin rai da kyawun hannu, wanda shi ya fara kwantar da shi a bayan mota, ya kuma hana shi taɓa ƙarfe sai ya faɗi abin da ya ji. A wannan sana'a Audi ya yi aure, ya gina gida ɗaki bayan ɗaki, ya aurar da 'ya'ya. Bai yi arziki ba, bai kuma taɓa zuwa ƙofar wani da roƙo ba. Matarsa Talatu takan ce ta auri mutum mai kunne biyu, amma duka biyun mota ya ba, ita ko aro ba ta samu.

To, kunnen nan ne ya fara guduwa, kuma a hankali ya yi ta, yadda ba za a ce ga ranar da ya fara ba. Na hagu ya riga tafiya. Baba Audi ya daina jin kiran sallar masallacin da ke can bayan kasuwa, ya ce lasifikarsu ce ta lalace. Ya riƙa ƙara wa rediyo murya yana zagin batir na zamani. In ana masa magana sai ya ɗan juya kai ya miƙa na dama, kamar mai nazari. A gareji abin bai fito fili ba, don can kowa da ihu yake magana. Shi kaɗai ya san cewa na daman ma ya fara yin kamar an tura masa auduga, kuma bai gaya wa kowa ba. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, don ya san in kunnen ya tafi babu abin da ya rage masa sai rumfar kwano da suna.

Ana cikin haka, bayan an gama girbi, Rabo ya kawo motarsa. Rabo mutumin Barkiya ne, magidanci mai sanyin hali, yana da wata tsohuwar akori-kura fara da yake ɗauko gero da dawa da awaki da mutane daga ƙauyukan daji. Mutum ne mai ladabi har ya yi yawa. Duk ranar da zai kawo wa Baba Audi mota sai ya sauke komai, ya share bayanta, ya wanke ta tas, har ya shimfiɗa tabarma, don a ganinsa ba daidai ba ne dattijo ya kwanta a kan kashin awaki. Baba Audi kullum yakan naɗe tabarmar ya jingine, don tana kashe sauti, Rabo kuma kullum sai ya sake kawo ta.

Bayan sun gaisa Rabo ya durƙusa ya ce, "Baba, motar ga tana yi mani wani gurnani daga baya. Na rasa mi ke damun ta. Kuma ka san hanyarmu, zamanin ga ba a son mota ta tsaya ma mutum cikin daji."

"Tada ta mu ji," in ji Baba Audi.

Ya cire hula, ya hau, ya manna kunnen dama. Suka fita gari. Ya buga a taka, ya buga a saki. Aka karya hagu, aka karya dama. Babu abin da ya ji sai wani huu na iska da karkarwar ƙarfe a kumatunsa. Ya danna kunnen har ya yi masa zafi, ya riƙe numfashi, har suka juyo bai ji komai ba.

Da suka tsaya a gindin dalbejiya ya sauko yana kakkaɓe riga, ya tambaya kamar ba da wata manufa ba.

"Kai daga gaba ka ji ta yi?"

Rabo ya sosa ƙeya, ya dubi ƙasa. "Eh to, Baba, tana yi. Kaɗan-kaɗan dai, amma tana yi."

Maganar nan ta soki Baba Audi. Ga direba a gaba, da ƙarar inji a kunnensa, ya ji, shi kuwa da ke kwance a kan abin bai ji ba. Da a ce shekarun baya ne, tambayoyi zai jera wa Rabo, a ina take yi, da wane gudu, da me a bayanta. Amma mutumin da ya daɗe yana jiran mugun labari ba ya tsayawa bincike in ya ga kamar ya iso. Ya ɗauka ranar da yake tsoro ce ta zo. Ya shiga ƙarƙashin motar ya buɗe murfin man aksul, ya tsoma yatsa ya shinshina, ya ce man ya tsufa a canja. Gaskiya ne man ya tsufa, amma ya san ba shi ne ciwon ba. Ya ce wa Rabo ya je ya gwada, in ba ta daina ba ya dawo.

Ba ta daina ba. Rabo ya dawo da ita a wanke, da tabarmarsa, aka sake fita, aka sake dawowa hannu rabbana. Baba Audi ya ce zai yi nazari.

Nazarin ya hana shi sakat. Ya san abin da gurnani ke iya zama. In boris ne, kuma aka bar shi ya ci kansa har ya fashe, taya na iya zarewa da sandarta gaba ɗaya mota na cikin gudu, ga mata da yara a saman buhuna. Yana iya kwance aksul ɗin duka ya canja duk abin da ya ga dama, ba wanda zai ce masa don me, amma wannan aikin mahautan da ya yi shekaru yana zagi ne, kuma yana iya kwancewa ya mayar bai taɓa ciwon ba. Yana iya kuma buɗe baki ya ce, ban ji ba, kai ta wani wuri. Wannan ita ce gaskiya, ita ce kuma ta fi masa nauyi. A gida ya rage cin tuwo, ya riƙa zama yana juya sifanan nan a hannu. Talatu tana lura da shi.

Daga ƙarshe ya yanke shawara. A Kurfi akwai Lado, wanda ya koyi aiki a hannunsa shekaru da yawa da suka wuce, yanzu shi ma ya yi furfura yana da garejinsa. Baba Audi ya shiga mota da hantsi ya tafi, da niyyar ya ce masa ya karɓi motar Rabo, ya kuma gaya masa dalili. Lado ya tashi da rawar jiki ya tarbe shi, ya shimfiɗa masa buzu, ya aika aka kawo fura, ya riƙa nuna shi ga mutane yana cewa ga wanda ya buɗe masa kunne. Da wane baki kuma za a yi maganar? Suka yi hirar tsadar kayan gyara da rasuwar wane da wane, aka yi azahar, aka yi la'asar, Baba Audi ya yi sallama ya fito da maganarsa a ciki yadda ya shiga da ita.

Yana tsaye a bakin hanya yana jiran motar Dutsin-Ma, yana jin haushin kansa, sai ga farar akori-kura ta fito daga hanyar Barkiya, ta durƙusa da kaya har bayanta na neman taɓa ƙasa. Buhunan gero ne jibge, da mutane a sama. Rabo ya taka birki ya fito da sauri, ya ce wa wani dattijo da ke gaba ya yi haƙuri ya matsa. Baba Audi ya leƙa ya ga dattijon da ƙafa a naɗe da tsumma, asibiti za a kai shi, ya ce a bar shi ya zauna. Duk magiyar da Rabo ya yi bai saurara ba, ya kama ƙarfe ya hau baya.

Can wajen ƙofar baya akwai ɗan wurin da buhuna ba su rufe ba. Nan ya zauna, kusa da wata tsohuwar Bafulatana da ake kira Gogo, wadda ta rungume ƙwaryar man shanu a cinya. Mota ta hau kwalta ta fara gudu. Ba a yi nisa ba ya ga Gogo ta yamutsa fuska, ta dubi ƙasan motar, ta juyo tana masa magana. Bakinta kawai ya ga yana motsi. Ya miƙa mata kunnen dama, ta ɗaga murya.

"Na ce, Malam, motar ga lafiya take kuwa? Tun daga Barkiya take wannan gurnanin kamar bijimi!"

Ya dubi sauran. Wani saurayi a saman buhu yana nuna ƙasa da baki, wata mata ta jawo ɗanta jikinta. Kowa yana ji. Shi iska kawai yake ji, sai dai akwai wata karkarwa da ke shigowa ta tafin ƙafarsa wadda bai ji irinta ba ranar da motar take fanko. Nan take abin ya faɗo masa. Lodi ne. Kukan ba ya fitowa sai an danne ta da kaya, shi kuwa Rabo kullum wankakkiya yake kawo ta, ko tsinke babu.

Ya cire hula. Ya ce wa Gogo ta ɗan janye ƙafa, ya lanƙwashe a ɗan wurin nan, ya manna kunne a ƙarfe. Wani abu ne can nesa, kamar ana daka a wata unguwa. Ya zaro sifana ya kafa kan sifanan ɗaya a bodi, ɗayan a bayan kunnensa, yadda Ɗanmusa ya koya masa. Sautin ya ɗan ƙaru, amma bai isa a yanke hukunci da shi ba. Sai motar ta faɗa wani rami, ta watsa shi gefe. Ya kai hannu biyu ya cafke ƙarfen bodi, sifanan kuwa don kada ya faɗi ya cafe shi da haƙora. Da motar ta daidaita ya sunkuya zai gyara kwanciya, sai ɗaya kan sifanan ya taɓa ƙarfe.

Gurnanin ya cika masa kai gaba ɗaya. Ta haƙora ya shigo, ya bi muƙamuƙi ya hau ƙoƙon kai, tar da shi, kowane juyi daban, yadda yake jin aksul yana ɗan shekara talatin. Idonsa ya kawo ruwa, kuma ba iska ce ta jawo ba.

Bai saki ba. Ya dunƙule hannu ya buga bodi sau ɗaya. Rabo ya san yaren, ya taka. Ya buga sau biyu, Rabo ya saki. Gurnanin bai kula da totur ba, ke nan haƙoran tsakiya lafiyarsu lau. Ya jira lanƙwasan nan da ya sani kamar ɗakinsa. Aka karya hagu, nauyi ya koma dama, gurnanin ya yi ƙara har haƙoransa suka yi tsami. Aka karya dama, ya lafa. Ya shiga buga bodi ba ƙaƙƙautawa.

Da aka tsaya ya sauko, ya zagaya tayar baya ta dama, ya kai bayan hannu kusa da cibiyarta ya janye da sauri. Zafi kamar an sauke tukunya. Ya leƙa ta ciki, ga mai ya fara tsattsafowa.

"Boris ne, na dama," ya ce wa Rabo. "Ya kusa gamawa. Za mu jira shi huce, sannan ka bi da ita a hankali kamar kana rakiyar amarya. Da mun isa a sauke kaya, ba ta sake fita sai na canja shi."

Mutane suka sauka suka nemi inuwa. Baba Audi ya ja Rabo gefe.

"Dan Allah ka gaya mani gaskiya. Ranar da ka kawo ta ba kaya, ka ji ta yi kukan?"

Rabo ya sunkuyar da kai. "Wallahi Baba ban ji ba. Kunya ta kama ni. Na ɗauko ka, ka kwanta a rana har bakin Kurfi, in ce maka ba ta yi? Sai ka ga kamar na raina ka."

Baba Audi ya dube shi. Ya so ya zage shi, ya so ya yi dariya, ya rasa wanda zai fara. Ladabin Rabo ya wanke mota har ya wanke ciwon, ladabin Rabo ya yi masa ƙarya, shi kuma girman kai ya rufe masa baki. Da taya ta zare a hanyar Barkiya, da su biyun ne suka zare ta. Yana iya yin shiru a nan, don ga hujja ta fito cewa ba laifin kunnensa ba ne. Amma ya tuna bakin Gogo yana motsi.

"To ni ma ka ji tawa," ya ce. "Waccan rana ba ta yi ba, shi ya sa ban ji ba. Yau kuwa ta yi, kowa ya ji, har tsohuwar can, ni ban ji ba. Kunnena ya tafi, Rabo. Da haƙori na ji ta." Ya ɗaga sifanan, ga shaidar yawu a jikinsa. "In ka ga dama ka faɗa a tasha. Kuma daga yau duk mai kawo mani mota shi kawo ta da kayanta da kashin awakinta. Tabarmar ga kuma kada in sake ganin ta."

Rabo ya buɗe baki zai ba da haƙuri, Baba Audi ya ɗaga masa hannu.

Ana kiran magariba ya shiga gida. Bayan ya yi salla ya zauna a tabarmarsa ta tsakar gida, ya ɗauko goro daga aljihu yana juyawa bai fasa ba. Faɗa wa Rabo ya zo masa da sauƙi a kan faɗa wa Talatu. Talatu ta fito daga madafi da kwanon tuwo, ta ajiye, ta jawo kujerarta ta zauna a gabansa, ta ɗan karkata wajen damansa.

"Talatu, akwai maganar da na daɗe ina ɓoye maki," ya ce. "Ba na ji. Na hagu ya mutu, na dama ya kusa."

Ta dube shi ido cikin ido, ta yi magana a hankali, tana buɗe baki sosai.

"Malam, tun bara na daina kiran ka daga madafi, sai in taso in zo gabanka. Kai ka ɗauka ladabi ne ya ƙaru mani da tsufa?"

Sai a lokacin ya lura da inda kujerar take. Shekara da shekaru a hagunsa take zama, kusa da randa. Bai san ranar da ta dawo nan ba. Ya yi dariya, ya sa hannun riga ya share fuska. Ya ba ta labarin motar Rabo tun daga farko, da Gogo, da ramin, da sifana. Ta saurara har ya gama.

Ya kai goron baki zai gatsa, ta miƙa hannu ta karɓe. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta ɗan jima tana bincike, ta fito da tsohon magogin goro na marigayiya uwarta, ta goge shi da gefen zane. Ta zauna ta goga goron a tafin hannunta, ta miƙa masa garin.

"Daga yau haka za ka riƙa ci," ta ce. "Haƙoran ga na aiki ne yanzu."

Ya buɗe hannu ta zuba masa.